Ƙofar da Aka Nuna a Talabijin

Lahadi, 4 ga Zulƙida 1400, da hantsi

Da sunan Allah, masanin abin da bayi suka bayyana da abin da suka ɓoye.

Jiya bayan sallar Magariba na je ƙofar gidan Alhaji Bappayo, ɗan kwangilar nan da ya kafa dogon ƙarfe a kan soronsa domin kamo hoton talabijin. Ya sa an fito da akwatin waje an ɗora a kan tebur, aka shimfiɗa tabarmi har bakin kwata. Ban taɓa zama a gaban wannan abu ba, kuma da ba don ina da hannu a cikin shirin ba, da ban je ba. Ƙasa za ta cika shekara ashirin da samun 'yancin kai, shi ya sa gidan talabijin ya shirya tarihin shekaru goma na farko, daga sittin zuwa saba'in a lissafin Bature, kashi uku, kowace Asabar kashi guda. Wata uku da suka wuce ma'aikatansu sun zo zaurena, domin an gaya musu na yi shekara ashirin da biyu ina magatakarda a kotun alƙali, kuma har yanzu ban fara mantuwa ba. Sun yi mini tambayoyi tun daga hantsi har aka kira Azahar.

Titus ya zauna kusa da ni. Mutumin Tangale ne, Kirista, tsohon ma'aikacin gidan gurzar auduga. Mun yi shekara ashirin katanga ɗaya ce ta raba mu, kafin sabuwar hanya ta cinye gidansa ya koma wajen unguwar Arawa. Duk da haka kullum bayan La'asar sai ya tuƙo kekensa ya zo. Tun rasuwar matata Asta, shi kaɗai ne yake zama da ni ba don yana da tambayar gado ko ta saki ba.

An nuna tuta, an nuna Ikko da Kaduna, da manya a kan dandamali. Gombe ta fito sau ɗaya, ranar da jirgin ƙasa ya fara isowa. Na ga taron da idona, na gane mutum biyar da na yi wa sallar gawa. Sai Titus ya dafa gwiwata ya ce, "Malam! Ga Cornelius can da hularsa ta Turawa! Ka gan shi?"

Na ce ban lura ba. Na gan shi.

Cornelius Ibo ne, mai gyaran agogo a Kasuwar Gombe, yana haya a ɗakin da ke kallon ƙofata. Shi yake daidaita mini agogon bango, ba ya karɓar komai, yana cewa, "Malam, in agogo ya yi ƙarya salla ta lalace, ni Allah zai tambaya, ba kai ba."

Hoton gaskiya ne, ba ni da ja. Amma sautin ba na ranar ba ne. Sun ɗora kiɗan kalangu, alhali abin da kunnena ya riƙe shi ne jiniyar jirgi, da jakunan masu itace da suka firgita suka watsa kaya, da wata tsohuwa da ta durƙusa tana gaida jirgin.

Laraba, 7 ga wata, bayan La'asar

Titus ya ce kashi na biyu shi ne na shekarar sittin da shida. Ya tambaye ni ko na ambaci sunansa a hirar. Na ce alkawarin da na ɗaukar masa yana nan. Ya ce madalla, ya ci gaba da ɓare gyaɗarsa. Ni ban iya ci ba.

Lahadi, 11 ga wata, bayan Asuba

Ya Allah, kai ne shaida a kan abin da na faɗa musu.

Shekarar da aka tasar wa mutanen Gabas a garuruwanmu, shirin ya wuce ta cikin lokacin da bai kai mutum ya yi alwala ya sa takalmi ba. Muryar mai ba da labari ta ce an yi tarzoma, an yi asarar rayuka, abin baƙin ciki. Ba a nuna tasha ba, ba a nuna kasuwa ba. Sai na ga fuskata cikin rawani, na ji muryata tana cewa, "A unguwar nan an ɓoye mutum kwana uku a cikin rumbu, har aka fitar da shi lafiya."

Nan suka yanke. Abin da ya biyo baya a bakina shi ne, ba ni ba ne, wani maƙwabci ne da ya roƙe ni kada in ambaci sunansa. Sau biyu na faɗa, domin na ga shugaban tawagar yana duba agogonsa. Ba su sa ba. A madadin haka sai ƙofar zaurena ta cika akwatin, da ƙusoshinta da tsagar da ke gefen hagu, muryar tana cewa a bayan irin wannan ƙofa malamai masu tsoron Allah suka kare baƙinsu.

Jama'a suka yi kabbara. Alhaji Bappayo ya taso ya kama hannuna da hannu biyu.

"Modibbo! Shekara goma sha huɗu kana zaune da wannan alheri a cikinka, ko tari ba ka yi ba?"

Na ce, "Alhaji, ba haka aka yi ba. Ba ni ba ne."

Ya juya ga mutane yana dariya. "Kun ji ko? Haka na Allah suke. Da ni ne, ai da na sa an rubuta a jikin motocina."

Na sake cewa ba ni ba ne. Wani ya ce Allah ya ƙara tawali'u, aka amsa da amin. Mutanenmu sun saba in an yabi malami ya kau da kai ya ce ba komai ba ne shi, saboda haka duk musun da na yi sai ya zama ƙarin hujja a kaina. Da na waiwaya, Titus ya riga ya tura kekensa ya kai kwanar masallaci. Bai yi mini sallama ba. Shi ne mai rumbun.

Lahadi, bayan La'asar

Titus bai zo ba.

Talata, 13 ga wata, da hantsi

Mutum tara suka zo gaisuwa tun safe. Wata mata ta aiko da tuwo da miyar kuka har da zabo. Na sa an kai wa masu gadin kasuwa.

A kotu, kafin alƙali ya karɓi shaidar mutum, sai an san sunansa da na ubansa da unguwarsu, a kuma samo mutum biyu su tabbatar ba maƙaryaci ba ne. Sannan a juya ga wanda ake shaida a kansa a ce, kana da suka? Da hannuna na rubuta irin wannan fiye da sau dubu. Muryar nan ta cikin akwati ba ta da uba, ba ta da unguwa, ba wanda ya tsaya mata, kuma ba a tambayi kowa ko yana da suka ba. Amma samarin da ba su yi wayo ba a waccan shekara suna ce mini, "Ai mun gani da idonmu, Malam." Wannan kalma ce ta fi ba ni tsoro. A wurinmu wanda ya ce na gani, shi ne ya fi kowa ƙarfin shaida. Yanzu gari guda ya gani.

Titus bai zo ba.

Juma'a, 16 ga wata, bayan saukowa daga masallaci

Na bi ta kasuwa. Mahauci ya ƙi karɓar kuɗin nama, ya ce albarka yake nema. Na ajiye masa naman na wuce. Rumfar da Cornelius yake zama yanzu rediyo da kaset ake sayarwa, an tara su har rufi. Garin ya cika da kaya. Kowa yana gini, kowa yana da babur.

Da Asta tana nan, da na tambaye ta ko ta ga shekarunta a cikin akwatin. Na san amsarta. A wurinta shekaru goman nan ruwa ne: tashi kafin alfijir, layin tuluna a bakin rijiya, faɗa da 'yan garuwa. Sai shekarar ƙyanda, da ta yi ta shiga gidajen maƙwabta tana wanke ƙananan gawawwaki. Mai ɗaukar hoto bai tsaya a waɗannan wurare ba, inda manya suka tsaya nan ya kafa na'urarsa. Ba na zarginsa. Sai dai wanda ya zo bayanmu zai ɗauka shekaru goma muka yi muna daga tuta muna tarbar jirgi.

Na shimfiɗa tabarma biyu a ƙofar gida, na naɗe ɗaya da Magariba.

Asabar, 17 ga wata, bayan Magariba

Ana nuna kashi na uku. Ina jin kiɗan daga nan. Ban je ba.

Litinin, 19 ga wata, bayan Azahar

Na ji labarin Sallau, shugaban tawagar da ta yi hira da ni, ya shigo gari domin ɗaukar shirye-shiryen biki. Na same shi a filin wasa yana daka wa masu jan waya tsawa. Da ya gan ni ya cire tabarau ya rusuna. Mutum ne mai ladabi, ba zan zalunce shi ba.

Na ce, "Malam Sallau, ina rabin maganata?"

Ya ce, "Baba, awa uku muka ɗauka a wurinka. Minti biyu aka ba mu."

"Sau biyu na ce ba ni ba ne."

"Haka ne. Mun nemi gidan maƙwabcin, ka ce hanya ta cinye shi. Mun nemi sunansa, ka hana. Baba, talabijin ba rediyo ba ne, dole ido ya samu abin kallo. In nuna wa mutane kwalta? Ƙofarka tsohuwa ce, ta yi kyau a hoto. Wallahi har manyanmu sun yaba, sun ce irin labarin da ƙasa take buƙata ke nan."

Na ce, "In ƙasa tana buƙatar labari, sai a ba ta wanda aka yi."

Ya ce, "Ai an yi shi, Baba. An ɓoye mutum ko ba a ɓoye ba? An ɓoye. A unguwarku ko? A unguwarku. Katanga ɗaya ce kawai tsakani. Wa aka cuta?"

Na roƙe shi ya gyara kafin a maimaita shirin ranar biki. Ya ce an riga an kwafa an aika wasu jihohi, kuma za a ajiye shi a ma'adana domin ɗalibai. Ya ce in rubuta takarda, zai kai da hannunsa. Na ga a fuskarsa inda takardar za ta kwana.

Ya tambaye ni wa aka cuta. Ban ba shi amsa ba, domin akwai abin da ban gaya masa ba tun ranar hirar. Ban yi masa ƙarya ba. Na ba shi rabin da zan iya ɗauka, shi kuma ya raba rabin biyu. Ban san da wane baki zan tuhume shi ba.

Talata, 20 ga wata, bayan Asuba

Zan rubuta, ko da alƙalamin ya ƙi.

A waccan shekara ta sittin da shida, bayan Azahar ne, rana tsaka. Ina cikin zaure. Ihun yana tahowa daga wajen kasuwa. Na sa sakata, na tsaya a bayan ƙofa, hannuna a kanta. Katakon yana da kauri, amma bai hana ni ji ba. Sai aka bugi ƙofar, muryar Cornelius ce. Ba da sallama ya fara ba, da sunana ya fara. Malam Sa'idu, Malam Sa'idu, ni ne.

Na san fikihun al'amarin. Na san haƙƙin maƙwabci, na karantar da babinsa sau da yawa kafin ranar, na kuma karantar bayanta.

Iyakar abin da zan iya ke nan yau.

Laraba, 21 ga wata, bayan La'asar

Yau ne ɗaya ga Oktoba. 'Yan makaranta sun yi maci, an raba musu lemo. An maimaita shirin gaba ɗaya da rana saboda hutu. Wasu samari sun zo sun jingina da ƙofar, wani yana ɗaukar su hoto. Sun nemi in fito in tsaya a tsakiya. Na ce ba ni da lafiya, kuma ban yi ƙarya ba.

Kwana goma sha ɗaya ke nan rabona da Titus.

Alhamis, 22 ga wata, bayan Azahar

Na hau tasi na je Arawa da safe. Na tarar da 'yarsa Dokas tana ɗaure tukwane a cikin buhu, an kwance gado an jingina da bango. Titus yana zaune a gindin dalbejiya, ƙafarsa a kan kututture. Da ya hango ni ya ɗaga murya.

"Akaramakallahu da kansa! Dokas, kawo kujera, mutumin talabijin ya zo. A hankali fa, kada ki taɓa shi, hoto ne."

Na zauna. Na tambayi kayan da ake ɗaurewa. Ya ce gida zai koma, Billiri, ranar Alhamis mai zuwa. Ya ce gwiwa ta gaji da keke, kuma gonar ubansa tana nema ta zama daji. Ya ce tun bara yake shiri. Bai taɓa gaya mini ba.

Na ce, "Titus, na faɗa musu ba ni ba ne. Yankewa suka yi."

"Na sani. Kai ka iya ƙarya? Ko ciniki ba ka iya ba."

"To me ya hana ka zuwa?"

Ya aiki Dokas ta sayo goro, ya jira har ta fita.

"Malam, ni ba suna nake nema ba. Ni na ce ka ɓoye sunana, kuma ina nan a kan haka. Wanda ya zo gidana da adda ran nan, yau shi yake sayar mini da taki, har ragi yake yi mini. Da ƙofar Bappayo suka nuna, da na yi dariya na sha shayina. Da ƙofar coci suka nuna ma ban damu ba. Amma taka, Malam? Duk ƙofofin Gombe, taka?"

Na ce, "Cornelius ya gaya maka?"

"Da ya faɗo ta katangata, hannunsa ya kumbura don bugu. Me kake so ya gaya mini, cewa ya faɗi a keke?"

"Shekara goma sha huɗu, Titus. Kullum kana zuwa."

"Ina zuwa mana. Tsoro ne ya kama ka, ni ma fitsari na yi a wando ran nan, tambayi uwar Dokas in kun haɗu a lahira. Mutum ne kai, ban riƙe ka ba. Na rufa maka asiri, ban ce ka tona ba. Amma in zauna a tabarmarka ana zuwa ana shafa rigarka saboda ƙofar nan, ina ɓare gyaɗa kamar ban san komai ba? Wannan kam ba zan iya ba. Cikina ba shi da faɗin haka."

Na ce me yake so in yi. Ya ce, "Ni zan gaya wa malami abin da zai yi? Kai ne mai littattafai."

Dokas ta dawo da goro. Ya raba ɗaya ya miƙo mini rabi, na karɓa. Bai rako ni ba saboda gwiwar.

Juma'a, 23 ga wata, bayan La'asar

Na zauna karatu a masallacin unguwa da niyyar in faɗa. Na karantar da babin tsarkin ruwa, na tashi.

Asabar, 24 ga wata, bayan La'asar

Haka nan.

Shaiɗan yana zuwa mini da rigar malamai. Yana cewa wanda Allah ya rufa wa asiri bai kamata ya tona kansa ba, kuma wannan magana ce ingantacciya. Amma suturar zunubi daban, cin ladan wani daban. Ban nemi yabon ba, sai dai kowace safiya da na yi shiru ina ƙara sa hannu a kan shaidar da na san zur ce.

Litinin, 26 ga wata, bayan Magariba

Alhamdu lillahi a kan kowane hali.

Bayan La'asar, da aka shimfiɗa mini buzu, ban zauna ba. Mutum goma sha tara ne a masallacin, na ƙirga. Na ce ina da shaidar da zan gyara. Na ce mutumin da aka ɓoye sunansa Cornelius, mai gyaran agogo, da yawa daga cikinku ya gyara muku. Na ce wanda ya ɓoye shi wani ne, ba zan ambace shi ba. Na ce kafin ya je wurin wancan, ƙofata ya fara bugawa, ina tsaye a bayanta, ban buɗe ba.

Alhaji Bappayo ya ce, "Haba Modibbo, ya isa haka. Mun san halinka, ba sai ka ƙasƙantar da kanka har ƙasa ba." Wasu suka fara murmushi. Na ga maganar za ta sake komawa inda ta saba komawa.

Sai na juya na fuskanci alƙibla, na yi rantsuwa irin wadda nake karanta wa masu shari'a su maimaita, da cikakken lafazinta, sau uku. Shekara ashirin da biyu ina rantsar da mutane, ni ban taɓa rantsuwa a gaban jama'a ba, kuma duk sun san haka.

Murmushin ya ɗauke. A sahu na biyu akwai wani dattijo da na san inda yake a waccan rana da abin da ke hannunsa. Ya sunkuyar da kai yana jan casbi. Ban dube shi sau biyu ba, ba shari'arsa na zo yi ba.

Na zauna na buɗe littafi. Kafin in fara, sai ladan ya ce a yi addu'a a tashi.

Talata, 27 ga wata, bayan La'asar

Mutum bakwai a karatu.

Alhaji Bappayo ya tsayar da motarsa a ƙofar gida, bai fito ba. Ya ce, "Modibbo, me ya kai ka? Unguwa ta samu suna har Kaduna, ka zo ka zubar a ƙasa. Wa ya tambaye ka?" Na ce za a tambaye ni. Ya ɗaga gilashi ya wuce.

Da hantsi wani malamin makaranta ya zo daga Kumo da ɗalibansa su ga ƙofar. Na gaya masa abin da na gaya wa masallaci. Ya saurara da ladabi, sannan ya ce wa yaran su lura da yadda magabata suke gudun yabo. Mutum goma sha tara sun ji ni. Akwatin kuwa ban san adadin waɗanda ya shiga gidajensu ba, kuma zai ci gaba da magana bayan an binne ni.

Alhamis, 29 ga wata, bayan Azahar

Na je tasha da sassafe. An riga an ɗora kayansa a kan akori-kura, gado da buhuna da keken a can sama. Titus yana gaba kusa da direba, Dokas a bayansa. Da ya gan ni ya leƙo ta taga.

"An ce ka yi rantsuwa a masallaci. Mai takin nan ne ya gaya mini, bakinsa yana rawa. Ashe ka iya tashin hankali."

Na ce, "Na makara."

"Ka makara mana. Amma ka iso." Ya dubi direba yana ɗaure igiya. Sannan ya ce, "Bari in ba ka wani abu ka riƙe, tunda ban sani ba ko za mu sake ganin juna. Daren da zan fitar da Cornelius a ƙarƙashin buhunan gyaɗa, ya ce in gaya maka bai yi fushi ba. Ya ce, Malam yana da yara a ciki, ko ni ne haka zan yi. Ban isar ba, domin in na isar ka san na sani. Ban san ko yana raye ba, tun da motar ta wuce Numan ban ƙara jin ɗuriyarsa ba. Amma saƙonsa ke nan."

Na riƙe ƙarfen tagar. Da na yi shiru, da na koma gida da wannan uzuri na kwanta a kansa har mutuwa. Direba ya tayar da inji.

Na ce, "Titus, yaran ba sa nan. Asta ta tafi da su garin Kwadon bikin suna, tun kwana biyu kafin ranar. Ni kaɗai ne a gidan."

Ya dube ni, idonsa ya yi ja.

"Na sani, Malam. Ni na ɗora musu kaya a mota." Ya miƙo hannu ta taga ya kama nawa. "Ban gaya masa ba. Na bar shi ya tafi da malaminsa yadda ya san shi."

Motar ta ja, ya riƙe hannuna har sai da na yi taku uku ina binta, sannan ya saki.